Ranar Da Shafinmu Ya Ƙirga Ni Kaɗai

Abin da ya same ni a shagon turare na unguwar Dira, can ƙasar Larabawa, ba mai mantuwa ba ne, ko da na so in manta. A lokacin ina tsayuwar kanta ne, alhali da karatun kwamfuta na baro Kano. Da kafil ɗina, Abu Nasir, wato maigidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, ya buɗe wa shagon shafin intanet, sai na bugi ƙirji na ce ni zan haɗa masa rumbun da zai riƙa rubuta duk wanda ya shigo shafin da abin da ya taɓa. Ya ce in ya yi kyau zai ɗauke ni daga kanta ya mayar da ni ofis. Ofis mai kujera da na'urar sanyi, ni da ƙafafuna suka kumbura da tsayuwa.

To, kowane layi a irin wannan rumbu yana buƙatar makulli, wato shaidar da ba za ta taɓa maimaituwa ba. Manhajar rumbun da kanta ta yi tayin ba kowane layi lamba a jere. Na ƙi. Na ce wannan ai aikin malalata ne (ni da ilimina!). Sai na mai da lokacin shigowa makulli, har zuwa daƙiƙa, don a lissafina ba yadda za a yi mutum biyu su danna a daƙiƙa guda. Na gwada da wayata ya fi a ƙirga, lafiya lau. Har abokan zamana a unguwar Shifa suka gaji da jin bayanin, sai dai su ce, "Allah ya taimaka, Injiniya."

Ranar nunawa Abu Nasir ya tara ma'aikata da ƙannensa, aka zagaya da gahawa da dabino, aka haɗa kwamfutata da babban allo. Shi mutum ne da ba ya fara komai sai da bisimilla ta taro. Ya ce, "Yalla, kowa ya ɗauko wayarsa. In na ce bismillah, mu danna tare."

Ban ma ji ɗar ba. Murmushi nake.

Aka danna tare. Allon ya cika da jan rubutu, layi ɗaya tak ya shiga, sauran duk rumbun ya kore su don makullinsu ɗaya. Abu Nasir ya matso ya karanta layin, ya juyo. "Ya Habibu, wannan ba wayarka ba ce? Mu kwastomomi mun shigo, kai ka rubuta kanka?"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Kunya ta rufe ni, har na ji tsayuwar kantar ma rahama ce. Amma a nan ne nake yaba wa kaina: ban ce laifin intanet ba ne. Na ce wa maigidan, "Ya mudir, ka ƙara musu gahawa." Kafin butar ta zagayo na mayar da lambar jeren da na raina, lokaci kuma na ba shi gurbinsa daban. Aka sake bisimilla, kowa ya ga kansa a allo, Abu Nasir a layin farko (Allah ya rufa asiri).

Yau a ofis nake. Na koyi cewa abin da ka gwada kai kaɗai ba ka gwada shi ba tukuna. Sababbin yara kuwa in sun zo, nakan gaya musu kada su kuskura su yi makulli da lokaci, da murya irin ta wanda aka haifa da sanin haka.