Ɓera Mai Wushirya

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da wata ranar awon ciki a Batsari ba, a shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, kantuna suka cika da kayan gwangwani da dunƙulen miya. Lokacin ina sabuwar ma'aikaciya a ɗakin shan magani, ga farar riga, ga ɗaga kai kamar ni na ƙirƙiro allura.

A kwas ɗin da na yi a Katsina, malamarmu ta ce ana zargin sinadaran da ake zuba wa abinci, irin su sakarin da kala da ɗanɗano, in mai ciki ta yawaita su suna iya taɓa ƙwaƙwalwar ɗanta da yadda jikinsa zai riƙa sarrafa abinci. Zargi ta ce. Ni kuwa da na dawo sai na ƙara gishiri, na mai da shi hukunci.

Abin da ba wanda ya sani shi ne ina da cikin wata huɗu, na fari, irin wanda kunya ba ta barin ki gaya wa ko mahaifiyarki. Kwaɗayin da ya zo mini da shi kuwa (Allah ya yafe mini) gatsar ɗanyen dunƙule ne. In gatsa, in yi kuka don tsoron abin da nake yi wa yaron, in sake gatsa.

A ranar nan, mata sun cika rumfa, har da surukata Inna, ta rako ƙanwar mijina. Na gyara tsayuwa na ce, "Duk wadda ta ci dunƙule da ciki, kada ta yi mamaki in ta haifi dolo. Ku koma wa daddawarku."

Zufa ta keto mini, na zaro hankici daga aljihu. Sai ga dunƙule biyar sun biyo shi, sun watsu a ƙasa, kowanne an gatse masa gefe.

Wata tsohuwar Bafulatana mai tallar nono daga Wagini ta ɗauki ɗaya, ta juya shi a rana.

"Malama, ɓera ya shiga aljihunki?"

Na ce eh da sauri (dubi wauta).

"To ɓeran ga wushirya gare shi."

Duk Batsari an san ni da wushirya. Na kama bakina da hannu, matan suka kwashe da dariya. Tsohuwar ta rage murya, amma ba yadda Inna ba za ta ji ba: "Wata nawa ne, ɗiyata?"

Inna ta yi salati, ta tsince dunƙulen ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle a bakin zanenta. Daga ranar har na haihu, miyar daddawa zalla na sha, tana zaune tana kallona.

Yaron ya zo lafiya lau, yau ma malamin makaranta ne. Amma har Inna ta rasu, duk ranar da aka aike shi ya manta saƙo sai ta ce, "Kada wanda ya taɓa shi. Uwar za ku tambaya."

Ban daina yi wa mata faɗa ba, amma ba na tsayawa gabansu sai na zazzage aljihuna.