Rasuwar Jan-Ciki, Jirgin da Aka Yi Watandarsa a Farsha

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika ta har baki, Mijinyawa ɗan marigayi Malam Idris Mahauci, na unguwar Farsha a nan Injamena, yana sanar da dangi, maƙwabta da abokan arziki rasuwar jirginsa na kashe gobara, wanda aka fi sani da Jan-Ciki. Rai ya yi halinsa ranar jajibirin Ƙaramar Sallah ta bana, 2002, bayan azahar, a tsakar gida, a kan kututturen da ake saran ƙashi. Ya bar duniya yana da wata bakwai. Bai yi jinya ba. Ciwon da aka san shi da shi ɗaya ne, tayarsa ta hagu takan fita in an ajiye shi da ƙarfi, kuma ba ita ta kashe shi ba. Lafiyarsa ƙalau aka kwantar da shi.

Domin waɗanda ba su san marigayin ba, jirgi ne na wasa, irin wanda ake ginawa da ƙananan tubala na roba masu ƙuraje a ka, wannan ya hau kan wannan ya kama. Tsawonsa kamu ɗaya. Bayansa ruwan ƙwai, cikinsa ja wur, shi ya sa aka sa masa sunan. Ya zo Farsha a cikin kwali, a wargaje, guda ɗari huɗu da goma sha bakwai, ta hannun Yunusu kuku, wanda ke yi wa wani Nasara girki a Kabalai. Da Nasaran ya tashi komawa ƙasarsu ya bar kwalin a bayan ƙofa, Yunusu kuwa 'ya'yansa duk sun girma, sai ya kawo wa Mijinyawa, saboda kullum Mijinyawa yakan zaɓar masa nama marar jijiya.

A cikin kwalin akwai ɗan littafi mai shafi arba'in da shida. Kowa a unguwa ya sani Mijinyawa a aji biyu ya tsaya a lakwal, wato makarantar boko, malaminsu ya ce kansa ba ya ɗaukar baƙi. To wannan littafi babu baƙi a cikinsa, hoto ne kawai da lamba da 'yar kibiya mai nuna inda abu zai zauna. Shi ne littafi na farko da Mijinyawa ya buɗe daga bango ya kai bango. Kwana goma sha tara ya yi yana aikin, daga an sallame asuba zuwa lokacin tafiya abatuwa, kuma sai ya wanke hannu da sabulu sau uku kafin ya taɓa, don hannun ɗan mahauta ba ya rabuwa da maiƙo, tubalan kuwa ba sa son santsi. Duk wanda ya zauna daidai a wurinsa sai ya ce ƙas. Wannan ita ce maganar marigayin ta farko a duniya, kuma ya faɗe ta fiye da sau ɗari huɗu ba tare da ya gundiri kowa ba.

Halayensa na kirki suna da yawa. Fikafikansa a sama suke, a kan kafaɗa, ba a ƙugu ba kamar tayarori, wato jiragen saman da ke wucewa ta kan Farsha suna firgita shanu. Farfelarsa biyu, in aka hura musu iska da baki sai su ce firrr, su daɗe suna juyi. A ƙarƙashin kowane fiffike akwai ɗan kwalekwale, domin shi jirgi ne da ke sauka a kan kogi ya sha ya cika ciki. A bayansa akwai wata 'yar sanda baƙa, ana turawa da babban yatsa sai ƙofar ciki ta buɗe, ruwa ya zubo, shaaa. Ruwan ƙwayoyi ne shuɗɗa guda talatin, ana ganin haske ta cikinsu. An haɗo shi da itace ɗaya kore mai harsunan wuta a reshe, da matuƙi, da ɗan pompiye mai hular kwano, irin waɗanda mutanen Najeriya ke kira 'yan kwana-kwana. Duk wanda ya zana wannan jirgi ya san aikinsa, bai manta ko da 'yar fitilar kan wutsiya ba. A wata bakwai marigayin ya kashe gobarar itacen nan ba adadi, bai taɓa makara ba, bai taɓa cewa ya gaji ba.

Shi Mijinyawa shekararsa ashirin da uku, kuma sha ɗaya daga ciki a gaban wuta ya yi su. Tun rasuwar mahaifinsu, babban wansa Yaya Haladu ya riƙe gida da tukubar tsire ta bakin titi, shi ke fiɗa, shi ke tsire nama, shi ke magana da masu saye. Aikin Mijinyawa hura wuta da fifita. Da labarin jirgin ya fita sai aka sa masa suna Kumandan. In gawayi ya yi tartsatsi sai a ce, “Kumandan, gobara! Ina tayara?” Yakan yi murmushi ya ci gaba da fifita.

A cikin masu zuwa cin tsire akwai Usta Dawuda, makanike mai gareji a Pari-Kongo. Wata rana cikin azumi, bayan an sha ruwa, ya ji ana wannan tsiya, sai ya tambayi abin da ake wa dariya. Aka aika aka ɗauko jirgin. Ya goge hannu a riga, ya juya shi sama da ƙasa, ya tura sandar, ruwa ya zubo masa a cinya.

“Kai kaɗai ka haɗa wannan? Ba wanda ya karanta maka?”

“Ni kaɗai, Usta.”

“To bayan Sallah ka kawo shi gareji. Ka wargaza shi a gabana, ka sake mayarwa. In ka iya, akwai wuri. Wanda ya haɗa wannan zai iya kwance injin.”

Yaya Haladu yana tsaye yana yanka albasa. Bai ɗaga kai ba, sai dai albasar ranar ta yi yawa.

Tun daga nan Mijinyawa ya riƙa ƙirga kwanakin azumi kamar mai jiran ɗaurin aure. Sau biyu ya kwance wutsiyar ya mayar ba tare da ya duba littafi ba.

Ranar jajibiri an yi watanda a gidan, kamar kowace shekara. Sa uku aka kayar, aka feɗe, aka kasa kashi bakwai-bakwai, aka aika gidaje. An tura Mijinyawa ya kai kason ƙanwar Inno, wato mahaifiyarsu, can Kabalai. Da ya dawo ya tarar an gama aiki amma ba a watse ba. Mahauta shida suna zaune a inuwa da azumi a bakinsu, wuƙaƙe ba a wanke ba, Jan-Ciki kuma yana kwance ta gefe a kan kututture.

“Yawwa, ga mai dabba,” in ji Yaya Haladu. “Kumandan, zo ka riƙe ƙafa.”

“Yaya, don Allah.”

“An ce bayan Sallah za a wargaza shi a gaban mutane. Gidan mahauta guda, ka rasa mai yi maka fiɗa sai makanike? Ai ka kunyata mu a Pari-Kongo.”

Aka yi dariya. Mijinyawa ya matso, mutum biyu suka riƙe masa kafaɗa, wai kada jini ya ɓata masa riga.

“Yaya, in cirewa kake so, da hannu ake yi. Yatsa biyu kawai. Bari in nuna maka inda yake rabuwa.”

“Ni za ka nuna wa gaɓa?”

Gaskiya dai ba a gardama, duk Farsha babu wanda ya kai Yaya Haladu sanin gaɓa. Raƙumi ma in ya kwanta a gabansa, wuƙa ba ta taɓa ƙashi sai inda ya so. Amma marigayin gaɓoɓinsa ɗari huɗu ne, kuma Yaya bai samu ko ɗaya ba. Ya sa wuƙa a wuya, ta zame. Ya sake, ta zame. Wani daga cikin mahautan ya yi tari, sai Yaya ya ajiye wuƙar ya ce a miƙo gatari.

Marigayin bai yi ƙara mai yawa ba. Ya ce ɓaras sau ɗaya, ƙofar cikinsa ta buɗe da kanta, ruwan ya zube a ƙasa cikin jinin shanu. Wani ya ce ga kayan ciki nan, a kai wa mata. Aka share su da tsintsiya zuwa kwata. Daga nan aka bi tsari yadda aka saba: fikafikai su ne karfata, wutsiya ta mai riƙe igiya ce, wurin zaman matuƙi kuwa Yaya ya sa a aljihu, ya ce wuya na mai yanka ne. Abin da ya rage aka daddatsa ƙanana aka kasa kashi bakwai daidai wa daida, har ana ɗauke tsoka ɗaya daga wannan a mayar wancan, kada a zalunci kowa. Da aka nemi abin ƙunshi sai aka ce ai dabbar ta zo da takardarta. Shafi goma sha huɗu suka tafi da kason gidaje. Sauran aka kai tukuba, aka naɗe wa jama'a tsiren buɗa baki.

Inno tana ɗaki tana jin komai. Sai da gatari ya yi shiru ta ce, “Haladu, ya isa haka.” Da ta fito ta ga Mijinyawa tsugune yana tsintar ɓarɓashi, ta ce, “Roba ce fa, kai kuwa. Tashi ka wanke farantai, gobe Sallah.”

Da safe, bayan an sauko Idi, aka yi abin da ake yi kowace shekara. Ƙanana suka bi manya ɗaki-ɗaki neman gafara. Mijinyawa ya tsaya a ƙofar Yaya, Inno ta tura shi da gwiwar hannu. Ya shiga ya durƙusa.

“Yaya, barka da Sallah. A yafe mini.”

Yaya Haladu ya dafa kansa, ya ce, “Na yafe maka, duniya da lahira. Kada ka ƙara.”

Kwana biyu mai makoki ya yi yana bin gidaje bakwai ɗin nan. Yana godiya ga waɗanda suka mayar da kasonsu, da waɗanda suka yi ƙoƙari suka riƙe dariyarsu har ya fita zaure. Rana ta uku ya zuba abin da ya samu a faranti, ya rufe da ƙyalle, ya taka har Pari-Kongo, domin alkawari ne. Usta Dawuda ya fito daga ƙarƙashin wata mota, ya ɗaga ƙyallen, ya daɗe yana kallo.

“Na ce ka kawo mini jirgi, ka kawo mini dambu.”

“Usta, in an ba ni wani abu daban zan haɗa. Ko mene ne.”

“Na sani. Wa ya yi wannan?”

Mijinyawa ya shiga gyara zaman ɓarɓashin a cikin faranti.

“Kalas, ya isa, na gane,” in ji Usta. Ya mayar da ƙyallen a hankali. “Mutumin da ya ɗauko wa roba gatari, me zai ɗauko wa garejina? Motocin nan na mutane ne. Ka gai da gida.” Ya koma ƙarƙashin motarsa.

Marigayin ya rasu ya bar farfela ɗaya mai kunne biyu maimakon uku, da tayar nan ta hagu wadda ta faɗi tun kafin sara na farko, ta gangara ƙarƙashin turmi ta tsira. Ya bar ɗan pompiye babu hannun dama, da ƙwayar ruwa huɗu da aka tono daga kwata, da itacen nan kore, wanda ba a taɓa ba domin yana ƙarƙashin gado, har yanzu kuma yana ci da wuta. Matuƙi ba a gan shi ba. Shafi na talatin da ɗaya ya dawo daga wani shagon tela, ya sha mai da yaji har ana ganin yatsa ta bayansa. Duk wanda ya sayi tsire a bakin titin Farsha daren Sallah, aka naɗe masa da takarda mai hoton fiffike, ana roƙonsa kada ya hura wuta da ita.

Za a yi jana'iza gobe Laraba, in Allah ya kai mu. An tambayi liman, ya ce babu wanka, babu salla, kuma kada a sake tambayarsa. Za a naɗe marigayin a cikin murfin kwalinsa, a ɗauke shi daga ƙofar gidan Malam Idris bayan la'asar, a bi ta bayan zangon shanu zuwa bakin kogin Shari, inda za a sa shi a rami kusa da ruwa. Ba a bukatar masu ɗaukar makara, mutum ɗaya ya isa. Zaman makoki babu, gida bai amince ba. Masu rakiya su taimaka su zo da wuri, kuma kada a tsaya dogon jawabi a bakin kabari, domin ƙarfe biyar ake hura wutar tukuba, Yaya kuwa ba ya son a makara.