Rasuwar Tsutsa, Jakar Barcin Gidan Ticona

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Noemi ta gidan Ticona take sanar da dangi da maƙwabta rasuwar jakar barcinsu, wato buhun da suke shiga su kwana saboda sanyi, wadda aka fi sani da Tsutsa. Tana neman afuwar duk wanda ya tsaya karantawa. Ba ta taɓa rubuta abin da idon wani zai gani ba, kuma ta san ƙofar kantin Don Evaristo ta manyan sanarwa ce, irin ɓatan tumaki da taron gyaran hanya. In wurin ya yi kaɗan, a mayar da takardar ƙasa, kada dai a yage ta.

Marigayiya ta shigo gidan ne goye a bayan mahaifin Noemi, zamanin yana yi wa masu hawan dutse dako. Wani baƙo ne ya bar masa ita. Koriya ce, doguwa, cike da gashin agwagwa, da jan faci wajen ƙafa. Da mahaifin ya rasu, sai ta zama ta 'ya'yansa biyu, Rosmeri da Noemi.

Aikinta na watan Yuni ne, tsakiyar hunturun wannan ƙasa, lokacin da ake hawa fili da dankali a baza shi sanyi ya daskarar, da safe a tattake shi da ƙafa ruwan ya fita, rana ta busar ya zama cunyo, busasshen dankalin ajiya. Dole wani ya kwana a gefensa saboda masu dogon hannu. Don mutum ɗaya aka ɗinka Tsutsa, amma biyu ta ɗauka shekara da shekaru, ba a taɓa jin ta yi ƙorafi ba. A shimfiɗa mata fatar tunkiya, a ɗauko dutse daga murhu a naɗe da tsumma a tura ƙasanta, a ja igiyar wuyanta har sai hanci biyu kawai suka rage a waje. Iyakar buƙatarta ke nan.

Ba ta da yawan magana. Takan ce zirrr idan ana rufe ta, ta ce ƙat a wurin da zif ɗinta ke maƙalewa. Sauran surutun na Yaya Rosmeri ne.

"Ke, uwar littattafai, fito da bakinki waje, numfashinki zai jiƙa mana ita."

Ko kuma: "Waɗannan ƙafafu ne ko dankali? Janye su, ko gobe in haɗa da su in tattake."

Ciwon marigayiya ya soma ne ranar da Yaya Rosmeri ta tafi birnin El Alto aikin ɗinki. Ta leƙo ta tagar mota ta ce, "Ki ajiye mini gefena, ƙanwata. Sanyi na sauka za ki gan ni." Sanyi ya sauka, ya tashi, ya sake sauka. Tsutsa kuwa ta yi wa mutum ɗaya faɗi, iska ta samu wurin zama. Noemi ta cusa tsohuwar rigar sanyi a gefen, ta ƙara da littattafanta. Littafi ba ya ɗumi. Ta gwada, don haka ta sani.

Duk tsawon wannan lokaci ba ta bari ruwa ya taɓa marigayiya ba, domin hularta, inda ake sa kai, na riƙe da ƙamshin man kitson Yaya Rosmeri. Ba kowa ke jin sa ba. Kaka Fermina dai cewa ta yi, "Wannan aba warin tsohon rago take yi, jikata, har karnuka sun daina zuwa wajenmu."

Ranar Talata, Noemi na makaranta, Kaka ta kai marigayiya rafi ta wanke tas, ta baje ta tsakiyar dankali. Da Noemi ta dawo ta tarar da ita jiƙe sharkaf, sai Kaka ta ce, "Me kike kallo? Sanyin da ke fitar da ruwa daga dankali, buhu ne zai gagare shi?"

Da safe aka tarar da ita ta sandare kamar katako. Kawu Zenón, mutum mai son taimako, ya tuɓe takalmi ya ce, "Ku matsa, aikinmu ne wannan," ya hau ta da dunduniya. Maganarta ta ƙarshe ita ce ƙas. Ɗinkin ya tsage daga wuya har ƙafa. Da rana ta yi sama, gashin ya bushe, iska ta yi ta ɗibarsa kaɗan-kaɗan zuwa wajen dutse. Kaka ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To, ai dai da tsabtarta ta tafi." Iyalan ba sa zargin kowa. Kwana ne ya ƙare.

Ta rasu ta bar fatar tunkiya, da dutsen murhu wanda yanzu ba shi da wurin zuwa, da kan zif da ke aljihun Noemi, da safa ƙafa ɗaya ta Yaya Rosmeri da aka tsinta can ƙasan cikinta. Ta kuma bar gefe guda da aka ce a ajiye, wanda mai ajiyar ba ta san inda za ta sa shi ba yanzu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a bayan shingen tumaki, da zarar motar El Alto ta iso. Za a raba ganyen koka na taunawa da shayi mai zafi. Ana roƙon duk wanda hanya ta bi da shi ta layin masu ɗinki a El Alto ya faɗa wa Rosmeri Ticona baki da baki. An gwada waya, amma ƙarar keken ɗinki ba ta bari a ji, sai "Zan kira ki, ƙanwata." A ce mata ba sabuwar jaka ake nema ba, kada ta tsaya tara kuɗi.

In motar ta iso babu ita, an ɗaga jana'izar zuwa Asabar ta gaba. Marigayiya ta saba da sanyi, ba za ta lalace ba.

Mai sanarwa ta manna wannan ne lokacin da Don Evaristo ke auna wa wata sukari. Kafin ya ɗago kai ta sha kwanar coci. In an gan ta a hanya, don Allah kada a yi mata ta'aziyya a gaban mutane.