Musa Ɗaya Ya Ishi Gari

A wani gari da ake kira Sake-Faɗi, jerin masu karɓar takin gwamnati ya ninka mutanen garin har sau uku. Shugaban gari, Alhaji Barau Ci-Ka-Ƙara, ya ce abin kunya ne, ya sa aka kira Ladidi, wadda ta iya rubuta manhajar kwamfuta. Umarnin mai sauƙi ne: duk abin da ya fito sau biyu, a bar na farko, a goge sauran.

Ladidi ta sa manhajar ta riƙa gwada suna da lambar waya da hoto. Da ta gama, sai ga Sarkin Rabo, mai kula da sito, ya fito sau arba'in, kowanne da irin hularsa.

Majalisa ta zauna ta gano cewa manhajar ba ta da tarbiyya, tana ƙura wa manya ido. Aka hana ta duba hoto da lamba, aka ce suna kawai ya isa. Sarkin Rabo dama kowace hula da sunanta, ya tsira. Amma garin cike yake da Musa. Aka bar ɗaya, ƙanen matar Shugaba, aka goge sauran, har da mahaifin Ladidi.

Tsohon ya je sito da buhunsa, aka ce masa ai Musa ya riga ya karɓa. Ya je asibiti, aka ce Musa ya warke tun jiya.

"Ranka ya daɗe, babana ne fa," Ladidi ta ce wa Shugaba.

"To wa ya hana shi zuwa da wuri, 'yata?"

Abin ya yi wa majalisa daɗi, aka kai shi kasuwa. Masu tumatir suka koma mutum ɗaya, kwando ya yi tsadar rago.

Musa-Musan da aka goge suka kai kuka, kowa da takardarsa. Da yake kukan iri ɗaya ne, manhaja ta bar guda. Shugaba ya shiga rediyo ya gode wa Allah, ya ce duk faɗin Sake-Faɗi mutum ɗaya ne ke ƙorafi, shi ma ana bincike a kansa.

Damina ta wuce, gonar tsohon ba ta ga taki ba. Ladidi ta daina kunna kwamfutar.

Ana saura wata guda zaɓe, Shugaba ya zo gidansu da kansa, ya gaida tsohon da sunansa, sannan ya rage murya.

"Ladidi, wannan abin naki, yana yin baya-baya kuwa, ɗaya ya koma da yawa?"