Gwiwar Kawu Ta Shiga Makaranta

Jiya na kai Kawu asibitin koyarwa, gwiwarsa ta kumbura har durƙuso ya gagare shi. Tun da hantsi muke ɗumama benci. Da aka kira mu, sai ga wani dattijon farfesa da ɗalibai a bayansa, ɗaki ya cika har wasu na leƙe ta taga.

"Baba, ka yarda yarana su duba?" in ji farfesa.

Kawu ya ce bismillah, yana zaton mutum biyu ne. Wannan ya latsa, wancan ya murɗa, wata 'yar siririya ta ƙwanƙwasa kamar mai zaɓen kankana. Kawu ya jawo rigata ya raɗa min, "Kai, magani ka kawo ni ko makaranta?"

Na tambayi wata nas ina mutum-mutumin roban da aka ce an sayo don koyo. Ta ce yana kulle cikin ledarsa, sai Mai Girma Uban Ayyuka ya zo ya ƙaddamar. Madalla da wannan tsari! Roba ai tana da tsada, ba a wasa da ita.

Farfesa ya ce tiyata za a yi, amma na'urar hoto ta daɗe da mutuwa, abokan aikinsa kuma duk sun haura ƙasashen waje. Yana faɗa yana goge tabarau, ya kasa haɗa ido da mu. Wallahi tausayi ya ba ni.

Muna fita ɗalibai suka biyo mu. "Baba, don Allah kada ka canza asibiti. Irin wannan kumburin ba kasafai ake samu ba, ga jarrabawa ta matso." Ɗaya ya riƙe masa takalmi, wata tana masa fifita. Kawu bai taɓa ganin gata irin wannan ba, har ya fara gyara hula.

Nas ɗin ce ta ɓata masa rai. Ta ce Mai Girma ma yana ƙasar waje ana duba masa gwiwa, kuma likitansa a asibitin nan ya yi karatu.

Kawu ya ce, "Ashe a ƙafafunmu aka koyi gyaran tasa. To rubuta a jaridarka, in ya warke ya aiko min da sandar da ya gama dogarawa."

Ga shi na isar, ranka ya daɗe. Kawu gajere ne, ko an rage tsawonta a hanya kamar yadda aka saba, za ta yi masa.