Amalanken da Ya Fi Layin Dogo Faɗi

Ko na tsufa ba zan manta da kakar da na ƙera amalanken layin dogo ba. Ni mai walda ne a Gusau, kuma ina da ciwo guda: idan na ce zan yi abu, ba na jin kira.

Gonar surukina, Alhaji Garba, tana gefen tsohon layin dogo ta wajen Tsafe, zaizaya ta cinye hanyar mota. Na yi masa alkawarin amalanke mai ƙafafun ƙarfe da zai bi kan layin ya kwaso dawarsa, tunda jirgi ya daɗe bai bi ta nan ba. Ya yarda, har ya sallami masu raƙuman da ke yi masa dako.

Da na je Kaduna sayen ƙarfe, sai na tsuguna na auna faɗin sabon layin jirgin Abuja. A ganina layin dogo ai layin dogo ne. (Tsohon layin kuwa a bayan shagona yake. Kullum sai na tsallaka shi, ban taɓa ɗora masa ma'auni ba.)

Ranar gwaji Alhaji ya gayyato maƙwabtan gona. Na yi bismilla da ƙarfi, muka ɗaga amalanken muka ɗora. Ƙafar dama ta hau daram. Ta hagu ta wuce ƙarfen can waje, ta faɗa cikin tsakuwa. Ashe tsohon layin ya fi sabon ƙunci nesa ba kusa ba. Na juya shi, na sake ɗorawa, wai ko zai canza shawara.

Alhaji ya gyara tsayuwa ya ce, "Malam Sani, mi za a yi yanzu? Kai za ka rage, ko gwamnati za mu kira ta buɗa maka layin?"

Aka fashe da dariya. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, ga buhuna jibge a fili, shanu na kewaya su.

Ban tafi gida ba. Na auna layin a gabansu, na ja amalanken har bakin titi, na ɗora shi a a-kori-kura zuwa shago, na yanke gatarinsa, wato ƙarfen da ya haɗa ƙafafun biyu, na rage tsawonsa na sake haɗawa. Washegari ni da kaina na tura dawar har gari, kafaɗuna kamar ba nawa ba.

Tun daga lokacin, ko murfin tukunya aka kawo mini gyara, sai na ce a koma a zo da tukunyar.