Sallau da Firijin Inna

A ƙauyen Tudun Gawo akwai wani magidanci mai suna Sallau, yana zaune da tsohuwarsa, Inna Lantana. Ƙarfi ne da shi kamar bijimin sa, sai dai abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Inna tana fama da ciwon suga, allurarta kuwa ba ta son zafi ko kaɗan. Shi ya sa 'yarta da ke aure a birni ta aiko da firiji da sola, kuma duk ƙauyen babu wani sai shi.

Wata rana ana tsakiyar bazara, Inna ta taɓa kwalbar allura ta ji ɗumi. Firijin yana ta gurnani, fitilarsa a kunne, amma sanyin saura kaɗan. Ga shi kuma asibiti da nisa. Ta tusa kwalbar cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa, ta sa Sallau ya buga waya ga Isiyaku, mai gyaran firiji a birni.

"Sai ranar kasuwa zan samu mota," in ji Isiyaku. "Kafin nan ka riƙa duba ko ƙofar tana rufuwa sosai."

Sallau ya wuni yana buɗewa yana rufewa. Ɗan sanyin da ya rage ma ya kore shi, ya zo yana murna ya ce ƙofa lafiya lau take.

Wata rana kuma Isiyaku ya ce masa ta waya ya shafa bayan firijin, in ya ji zafi ya yi yawa ya ba shi iska. Sallau ya ɗauko mafici ya tsuguna yana fifita har la'asar. Inna tana kwance jiri na ɗibarta, ta roƙe shi ya ɗan fifita ta.

"Inna, ke ba a ce ba," ya ce.

Hawaye suka zubo mata. Yashin randa ya fara bushewa, tsoro ya kama ta sosai, don in allurar nan ta lalace ba ta san ranar samun wata ba.

Wata rana Isiyaku ya gaji, ya ce, "Fitar da duk abin da ke ciki kada ya ruɓe. Kada ka bar komai."

Sallau ya fitar da nono da tumatir, ya zare faranti, ya cire ƙwan fitila. Ya hango wani murfi can ciki, ya sa bakin wuƙa ya kwance shi. Inna ta dafe ƙirji. "Sallau, ka kashe ni." Bai ko waiga ba. Bayan murfin akwai 'yar fanka, wata tsaka ta mutu ta sandare a tsakanin fikafikanta. Ita ma ai tana ciki, sai ya fizgo ta. Nan take fanka ta fara juyawa.

Ba a jima ba Inna ta zura hannu ta ji sanyi. Ta rarrafa ta tono kwalbarta, ta goge, ta ajiye a ciki tana hamdala.

Da Sallau ya buga waya ya ba shi labari, Isiyaku ya ce, "To, madalla. Yanzu ka mayar da komai inda yake."

Sallau ya duƙa ya ɗauki tsakar ta wutsiya. Inna ta yi wuf ta tsaya a bakin firijin, ta baza hannuwa.